Kukan Birkin Baya

Motar da mahaifinmu ya bar mana tsohuwar gingimari ce mai bodin katako, ta girmi rabin direbobin da ke yi mata dariya a tashar Jibiya. Waɗanda suka san ta da ƙuruciya sun ce koriya ce. Ni dai tun da na buɗe ido launin ƙasar hanyar Maraɗi na gani a jikinta. Sitiyarinta a dama yake, na zamanin da muke bin hannun hagu, lokacin da direba in ya kai iyaka sai ya sauya hannu kafin ya shiga Nijar. Ba ta san makulli ba, sai an soka mata ƙarfe ta gaba an wana. In ta ga dama ta tashi, in ba ta ga dama ba ta mayar maka da ƙarfen a haɓa.

Birkin gaba kuwa ya daɗe da yin murabus. Baba da kansa ya toshe bututunsa wata shekara da ya ishe shi da yoyo, ya ce mota jaka ce, ƙarfinta a ƙafar baya yake. Don haka ranmu, da na fasinja, da buhunan gero, duk a kan birkin baya suke rataye. Shi kuma wannan birki yana da murya. In aka taka shi, tayar baya ta hagu takan saki wani kuka siriri mai tsawo, kiiiii, har cikin haƙori. Duk unguwarmu an san shi. Da yamma in Baba ya karyo kwanar masallaci ya taka, masu talla su san magariba ta kusa, Inna kuma ta ajiye abin da ke hannunta, ko da tana tsakiyar matsar man gyaɗarta ne, ta cika butar ƙarfe ta kai zaure. Kafin ya sauko ya kakkaɓe rigarsa ruwa na jiransa. Ban taɓa jin ya ce mata sannu a kan haka ba, ban kuma taɓa ganin ya iske zauren babu buta ba.

Da Allah ya yi masa rasuwa motar ta faɗo hannuna, don ni na bi shi tuƙi. Yayana, ɗan farin gidan, shi tuni ya shiga harkar siminti. Shekarun ne da kuɗin fetur suka ɓalle a ƙasar nan, kowa ya wayi gari yana son ginin bulo da rufin kwano. Yaya ya yi ƙiba har wuya, ya ɗaura wani agogo mai nauyin da ke rinjayar kafaɗarsa. Sababbin manyan motoci suka cika tasha, masu birkin iska, waɗanda in sun tsaya sai su ja tsaki, tsss, a gaban kowa. Tun ba a yi sadakar arba'in ba Yaya ya fara cewa a sayar da tsohuwar wa wani mai niƙa da ke kwaɗayin injinta, shi zai sayi sabuwa in riƙa ja masa. Wato in tashi daga mai mota in koma direban Yaya. Amma ba wannan ya fi ci mini rai ba. Kujerar motar ta lotsa daidai zaman Baba, sitiyarin ya sule daidai inda yake riƙewa. A ce a farke ta, a ciro mata ciki a kai shi lungu yana niƙa dawa, ban ga ranar da zan iya kallon wannan ba. Na ce masa da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce ba a hawa zuma a je Maraɗi.

Inna ba ta sa baki ba, kuma ba za ta iya ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji irin ta mutanen da. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In abinci ya sauka yana tsakar gida, sai ta dubi kaza ta ce, "A hwaɗa ma wani tuwo na hucewa." A gidanmu in ka ji an ce wani, to Yaya ake nufi. Ni da nake auta kuwa har dungurina take yi, ko da na yi aure na tara gemu.

Bayan ta fita takaba da ɗan lokaci abin ya fara. Wata safiya na ɗauko gero da 'yan kasuwa, muka doshi shingen kwastan na wajenmu, na taka birki. Abu na farko da na lura da shi, babu kuka. Na biyu, motar ta karkata dama kamar an kira ta daga can, ta sauka daga hanya, ta nufi wani mai rake da ya jingina kayansa a gindin bishiyar bedi. Mai raken ya daka tsalle ya bar takalmi ɗaya. Sai da ta tauna ɗauri guda sannan ta yarda ta tsaya. Ma'aikacin shinge ya tako yana riƙe da ciki don dariya, ya ce, "Direba, in rake kake so ai sai ka sauko ka taya."

Na kai ta wajen bakanikenmu. Mutumin Maraɗi ne da ya zauna Jibiya, gajere mai faɗin ƙirji, wanda bai taɓa kiran babbar mota da wani suna ba sai kamiyo, bai kuma taɓa yin kuskure a rayuwarsa ba, in ka bi ta bakinsa. Aka ɗaga ta da jak, aka cire taya, aka bubbuge ganga ta fito, wato murfin ƙarfen nan da takalman birki ke matsewa ta ciki. Na dama a bushe suke ƙalau. Na hagu sun jiƙe sharkaf da wani baƙin mai, sai ƙyalli suke yi. Shi ya sa dama ke kamawa hagu na sulɓi, motar ta bi wanda ya kama.

"Ka gani?" in ji shi. "Roba ce tam mutu, man birki ya zubo ma takalmi. Tun kana nesa na sani, daga tahiyar kamiyon."

Ya sa sababbin robobi, ya wanke takalman da fetur, ya ƙyasta musu ashana man ya ƙone, ya kankare su. Sannan aka zo fitar da iska daga bututu, ni ina sama ina takawa, shi yana kwance a ƙasa yana ihu, "Taka! Riƙe! Saki!" har ƙafata ta mutu. Muka gwada a fili ta tsaya cak, kukan ya dawo. Wallahi na ji daɗi kamar an ce mini marar lafiya ya nemi fura. Da yamma na karyo kwanar masallaci na danna shi da gangan tun daga nesa, don unguwa ta san mun warke. Labarin rake kuwa ni da Yaya muka yarda kada ya shiga cikin gida, don kada hankalin Inna ya tashi.

Ba a jima ba ta sake. Wannan karon wajen Magama ne, wasu shanu sun tare hanya. Na taka, shiru, ta bi dama, ta faɗa gonar wani dattijo ta yi masa huɗa kyauta har bakin kunya ta uku. Muna tsaye muna ba shi haƙuri, ga tayar baya na hayaƙi, sai wata tsohuwa daga cikin bodi ta ɗaga hanci ta ce, "Wa ka tuyar ƙosai cikin dajin ga?" Aka bushe da dariya, aka ce Gwaggo ba ta karya ba ta fito. Ni ma na ji ƙamshin, amma na ɗauka tsoro ne ke sa mutum yunwa.

Bakanike ya sake buɗe ganga, ya ga mai, ya kaɗa kai cikin tausayina.

"Ai tun hwarko na hwaɗa maka ba roba ba ce. Man giya ne ke biyo aksul shina shiga."

Ban tuna ya faɗi haka ba, amma mutumin da ke riƙe da tayarka a hannu ba a yi masa gardama. Ya zare aksul, sandan ƙarfen da ke juya taya, ya sauya zoben robar da ke tare man, ya sake wanke takalma, ya sake ƙona su. Ya ce in wannan birki ya ƙara zamewa in zo in aske masa gemu. Kukan ya dawo, ni ma na koma danna shi a kwanar masallaci.

Na uku shi ya karya ni, don a idon ƙasa biyu aka yi shi. Mun wuce shingenmu lafiya, muka isa na Nijar, inda aka gitta dogon ƙarfe a hanya, jandarmomi na zaune a inuwa. Na taka, ta ƙi kuka, ta karkata, ta zagaye ƙarfen ta gefe, ta bi ta bayan rumfarsu, ta shiga ƙasar mutane ba sallama. Da yake yashi ne kuma lodi ya yi nauyi, tafiyar ba ta fi ta mai zuwa jana'iza ba. Wani jandarma ya biyo mu yana busa usur, ya cim mana ba tare da ya yi gudu ba, ya riƙa tafiya daidai tagata.

"Mushe, ina za ka?" in ji shi, wato Malam da Faransancinsu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma ita nike jira ta hwaɗa mani."

Kafin in dawo Jibiya labari ya riga ni. A tasha har an raɗa wa motar suna, wai Ba-ruwanki-da-biza. Yaya ya kira ni shagonsa, yana zaune a kan buhunan siminti, ba ya dariya.

"Ranar hwarko rake, ta biyu gona, yau jandarma. Gobe kuma ɗan wa za ta hau? Na yi magana da mai niƙa, ranar kasuwa shina zuwa ya ɗauka."

Haushin da na fi ji shi ne gaskiya ya faɗa. Mota in ba ta tsayawa ba gado ba ce, makara ce mai taya.

Na koma gareji raina a ɓace, na ce wa bakanike na zo da aska. Bai ko kula ni ba. Ya buɗe ganga, ga mai nan. Ya duba robobin da ya sa, a bushe. Ya duba zoben aksul, a bushe. Ya dangwali man da yatsa ya shinshina. Ya ɗora a harshe. Ya lumshe ido, ya sake dangwala, wannan karon da yawa.

"Kana da burodi?" ya tambaye ni.

"Burodin mi?"

"Wanga ba man giya ba ne, ba na birki ba. Man gyaɗa ne. Kuma mai kyau, wadda tam matse shi ta iya suya." Ya lashe yatsa. "Daman tun ranar hwarko na yi zargin haka."

Ya ja ni bayan taya ya nuna mini wata 'yar huda a jikin faifan ƙarfe, inda ake zura sukudireba a ɗaure birki. Bakin hudar sai sheƙi yake, ga tururuwa sun yi layi suna shiga suna fita. Ya rage murya ya ce kamiyona na da maƙiyi, kuma maƙiyin ya san inda yake kwana.

Ban ɓata lokaci wajen neman maƙiyi ba. Wa ke son a sayar da motar? Wa ke shiga gidanmu ya fita ba mai tambayarsa? Wa zai iya ɗibar mai a garwar Inna ba tare da ta iya ce masa uffan ba? Duk hanyoyin suka kai ni shagon siminti. Na ce lalle da ɗan gari akan ci gari. Na kwana ina tsara maganganun da zan gaya masa a gaban dangi, wasu har na ji tausayinsa tun kafin in faɗe su.

Amma sai da shaida. Na tuna dabarar manoma in ana yi musu sata a rumbu. Da na ajiye motar da yamma a inda take kwana, jikin katangar gida, na ɗebo toka na barbaɗe ƙasa kewaye da tayar hagu. Yaya na da wasu takalma sau-ciki da ya sayo a Kano, ƙasansu da zane irin na tabarma, ko makaho ya shafa sawun zai gane mai shi. Da na dawo daga sallar asuba na wuce kai tsaye wajen tarkona. Babu toka. An share wurin tas, ga layin tsintsiya a jere gwanin kyau, har an yayyafa ruwa. Na tsaya ina kallo. Tun da uwarmu ta haifi Yaya ban taɓa ganin tsintsiya a hannunsa ba. Mai hankali da nan ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa na ce ashe har ɗan aiki ya ɗauka.

Washegari da asuba, ana tsakiyar sahu, waken da na ci da dare ya karya mini alwala. Na sulale na fito, na nufi gida in sake. Gari ya fara haske. Ina karyo kwana na hango mutum durƙushe a gindin tayar hagu, lulluɓe da zane. Na tattare riga, na lallaɓa, na tanadi ihun da zai tashi unguwa.

Inna ce. Ta zura wani karan dawa da ta huda a cikin 'yar hudar nan, tana tsiyaya masa mai daga ƙaramin ludayi, a hankali, kada ɗigo ya zuba ƙasa. Tsintsiyarta na gefe.

"Inna, mi kike yi?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Mai nike ba ta. Kai ba ka jin kukan da take yi? Ƙyauren zaure da yay yi haka ɗigo biyu ya ishe shi. Wagga kam ba ta da godiya, kwana kaɗan ta koma. Kuma wane marar aikin yi ne yab barbaɗa toka nan shekaranjiya?"

Na zauna a ƙasa. Dariya ta taso mini, na danne ta, ta fito ta hanci. Na yi mata bayani yadda zan iya, cewa duk abin da ke jikin mota yana son mai ban da wannan wuri ɗaya, shi a bushe yake aiki. Na gaya mata labarin rake, da gonar Magama, da jandarma, duk abin da muka ɓoye mata. Ina magana ludayin na karkacewa a hannunta har man ya zube a zaninta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe ni na so kashe ka da hannuna."

Na ce ba ta sani ba ne, kuma ga ni da raina, rake kawai ya yi shahada. Ba ta yi dariya ba. Sai na tambaye ta abin da ke damuna. Na ce motar nan tun ina goye take wannan kuka, ba ta taɓa cewa ya dame ta ba, me ya sa sai yanzu?

Ta zare karan, ta goge shi da bakin zane, ta ɗauki tsintsiya ta riƙe.

"In ta yi kukan nan, ƙahwata ba ta shawara da ni. Sai in gan ni bakin zaure da buta cike. Sannan in tuna." Ta dubi ƙasa. "Sai in juye ma ɗan bedin nan ruwan, in koma ciki kahin wani ya gani."

Na dubi ɗan bedin da ke ƙofar zaure. Duk unguwar shi kaɗai ya yi kore shar a tsakiyar rani, na sha wucewa ina yaba masa ƙoƙari. Na tuna yadda nake danna birkin tun daga kwanar masallaci, ina jan kukan da gangan. Tausayinta ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da aka fita da Baba.

Ta miƙe, ta nuna ni da tsintsiya. "Na bari daga yau. Amma kada ka kuskura ka hwaɗa ma wani."

Na gane. Mace mai shekarunta, a ji cewa tana kewar mijinta har tana kai masa ruwa, kuma ɗan farinta ya ji, gara ƙasa ta tsage ta shige. Na yi mata alkawari.

To ga ni da maganin a hannu, an ɗaure mini baki. Bakanike ya sake wanke takalma, birki ya kama kamar ba shi ba. Na je na ce wa Yaya wannan karon an gyara har abada.

"Mi yas same shi?"

"Mai ne ke shiga."

"Daga ina?"

Na dubi rufin shago na ce Allah ne masani. Ya ce shi ma Allah ne masanin ranar da zan kashe wani, ranar kasuwa dai tana nan.

Na daina kawo motar gida. In na sauke kaya sai in bar ta a gareji in tako da ƙafa. Inna ta lura, ta tambaye ni ina take. Na gaya mata gaskiya, cewa ranar kasuwa mai niƙa zai ɗauke ta, na ƙara da cewa ita ma ta huta. Ta ci gaba da juya ƙulinta a kasko. Ranar ƙulin ya ƙone, abin da bai taɓa faruwa a gidanmu ba. Ni ma na fara lallashin kaina. Na ce in rabuwa da motar zai sa tsohuwa ta daina tsayuwa a zaure da buta, to a kai kasuwa, zan koyi jan tsaki da birkin iska kamar kowa.

Ranar kasuwa Yaya ya ce bayan la'asar in kawo ta ƙofar gida, nan za a yi cinikin, tun da kayan gado ne. Shi da mai niƙa suka shimfiɗa tabarma a zaure, bakanike ma ya zo don ya yabi injin, ya kuma shaida wa duniya cewa shi ya riƙe shi da rai. Na wana ta, ta tashi bugu ɗaya, abin da ba ta saba ba. Na yi niyyar in iso a hankali, in rage gudu da giya, in tsaya ba tare da na taɓa birki ba, don kada Inna ta ji. Ina karyo kwanar masallaci sai ga wani jaki ɗauke da mangala ya fito daga lungu ya tsaya a tsakiyar hanya yana tunanin duniya. Na danna birki da ƙafa biyu. Motar ta tsaya cak, a miƙe, ko karkata babu. Kukan da ta saki kuwa ban taɓa jin mai tsawonsa ba, har tattabarun masallaci suka tashi.

Na gangara da ita ƙofar gida, na sauko, na shiga zaure. Ban rufe baki daga sallama ba ƙofar cikin gida ta buɗe. Inna ce, da butar ƙarfe a hannu, ruwa na ɗiga daga bakinta. Ta yi taku biyu sannan ta ga maza zaune, ta ga ɗan farinta a tsakiyarsu. Ta tsaya. Ƙofa na bayanta, da ta juya babu wanda zai ce komai.

Ba ta juya ba. Ta nemi kaza babu, sai ta fuskanci bango.

"A hwaɗa ma wani, motar ga ba ta da laihi. Ni ka zuba mata man gyaɗa da asuba, don ta bar kirana. Ban san shina kashe birki ba. Na bari." Ta ja numfashi, ta gyara lulluɓi. "A kuma hwaɗa mashi, kwanakin ga da ba ta zo ba, gidan ya yi shiru da yawa."

Bakanike ya gyara zama ya ce, "Daman ni tun ranar…" Na taka masa ƙafa, na riƙe, ban saki ba.

Yaya bai dubi Inna ba, butar yake kallo. Ta Baba ce, mai lotsawa a gefe, wadda muka ɗauka tun ranar rasuwa take rataye. Ya dubi butar, ya dubi ɗan bedin da ke ƙofa, ya sunkuyar da kai. Inna ta matso ta gefe, fuskarta na bango, ta dire butar a gabansa, ta koma ciki.

Mai niƙa ya yi gyaran murya ya ce, to, dangane da maganar inji. Yaya ya kwance agogonsa ya ajiye a tabarma, ya jawo butar, ya fara wanke fuska. La'asar ta wuce, magariba ba ta yi ba, ba wata alwala da ake binsa. Ya wanke, ya sake wankewa, ya sake, mu duka muna kallon rufin zaure, har ruwan ya ƙare. Sannan ya ɗago, gemunsa na ɗiga, idanunsa jajur, ya ce wa mai niƙa ya yi haƙuri, ya nemi inji wani wuri. Ya juya ga bakanike.

"Gobe a buɗe birkin gaba, a sa mashi sabon komi, ni za ni saye. Amma tayar hagun ga, kowa yat taɓa kukanta, ni da shi ne."

Mai niƙa na neman takalmansa sai muka ji muryar Inna daga tsakar gida, da alama ta sami kazarta.

"A hwaɗa ma wani in ya gama ya maido buta. Gobe ma za a neme ta."